'Yar Mongol a Rigar Japan

Aikina na biyu a Doha shi ne tsaron ƙofar wani gidan abinci na Japanawa a Al Mirqab. Na farkon gadi ne a wurin gini a bayan gari, inda rana ke dafa mutum daga hular kwano har tafin ƙafa. Don haka da kamfaninmu ya mayar da ni ƙofar da sanyi ke hurowa duk sanda na buɗe ta, na ce addu'ar mahaifiyata ce ta ci. Aikin ba wuya: in buɗe, in ɗan rusuna, in yi wa baƙi maraba, in kuma kora masu babur da ke ɗaukar saƙon abinci zuwa ƙofar baya.

Da jaka ɗaya na shigo ƙasar, kuma kusan rabinta littattafan soyayya ne, irin waɗanda na fara haya a wani shagon unguwarmu a Kano tun ina sakandare. Su suka koya mini cewa so da karo yake farawa. A yi karo a bakin ƙofa, kaya su zube, ido ya faɗa cikin ido. Na yarda da wannan ba tare da na taɓa gwadawa ba.

Daga cikin ƙofar akwai wata mata da ke karɓar baƙi daga hannuna ta kai su teburinsu. Tana sa doguwar rigar Japanawa mai faffaɗar ɗamara da ake ɗaurewa a baya, da takalmin katako mai ƙara a kan tayil. Ba ta da dara-daran idanun da littattafaina ke yabo, amma kumatunta na da wani ja kamar na wadda sanyi ya taɓa bugawa bai sake ta ba. Wata rana da hantsi ta fito da allon da ake rubuta abincin rana, ta juyo ba ta gan ni ba, ta sauke mini takalmin katakon nan a kan yatsun ƙafa. Kafin in ce wayyo ta jingine allon, ta kama hannuna na dama, ta girgiza shi, ta dube ni cikin ido. Sannan ta koma ciki.

Tun da na balaga, macen da ba muharramata ba ba ta taɓa riƙe mini hannu ba. Na yini ina buɗe ƙofa da hagu.

Ɗakinmu a Al Rayyan yake, gado a kan gado. A ƙasana wani dattijo ne daga Zangon Kumasi, direban tasi, wanda ya daɗe a ƙasar har ya daina ƙirga shekaru. Baba nake ce masa, shi kuma ɗan Kano.

"Baba, yau wata ta kama hannuna."

"'Yar sanda?"

"'Yar Japan."

"To duba, agogonka yana nan?"

"Da gaske nake, Baba. Sai da ta kalle ni."

"Ɗan Kano, takardun nan da kake matashi da su za su kai ka su baro. Mu da muka zo neman abinci, kai ka zo neman amarya. Yalla, maza kashe fitila."

Ban ji ba. Na ƙudura cewa sai na san ƙasarta kafin in buɗe baki, don a littafi saurayin kirki ba ya zuwa zance hannu rabbana. Kuɗi ba ni da su, sai na ce ilimi zan kai. Duk hutun da na samu ina kan waya. Na karanta cewa Japan tsibirai ne jere a teku kamar carbin da ya tsinke, mafi yawanta duwatsu ne, mutane na cunkushe a ɗan filin da ya rage, ƙasa na girgiza da su lokaci-lokaci, su tashi su sake gini. Na karanta labarin mayaƙansu na dā, waɗanda aka ce kafin su zare takobi sai sun faɗi sunansu da na kakanninsu. Wanda ya fi kama ni shi ne labarin da ya faru shekaru ɗari bakwai da wani abu da suka wuce, lokacin da babban sarkin Mongol, bayan ya mamaye rabin duniya, ya aiko jiragen ruwa don ya ci tsibiran. Sau biyu ya aiko. Mongol ba su san faɗin suna ba, da ganguna suke tahowa a dunƙule, suna ruwan kibiya, suna jefa wasu tukwane masu fashewa. A zuwa na biyu Japanawa sun riga sun gina katangar dutse a bakin gaɓa, suka tsare su a kan ruwa, har guguwa ta taso ta farfasa jiragen, teku ya haɗiye mutane ba adadi.

Na haddace wannan tsaf. Tsakanin abincin rana da na yamma ma'aikata kan zauna a ƙofar baya, a 'yar inuwar da ke kusa da injinan sanyaya ɗaki, inda zafi ke fitowa kamar daga bakin tanda. Nan na same ta, ta cire takalman, tana shan wani abu daga fulas. Da guntun Turancina na zuba mata labarin, har da hannu nake kwatanta guguwar. Na rufe da cewa Allah ne ya tsare kakanninta daga waɗancan azzaluman makiyaya.

Ta rufe fulas ɗin a hankali.

"Ka gama?"

"Na gama."

"Ka iya ba da labari. Ni 'yar Mongol ce."

Na sauke hannuwan da nake kwatanta guguwar da su.

"Ban taɓa taka Japan ba," in ji ta. "Teku ma a nan na fara ganinsa, ta tagar jirgi. Ƙasarmu ba ta da shi ko ta ina. Rasha a sama, Sin a ƙasa, mu a tsakiya da ciyawa da iska."

Sai ta yi mini bayanin abin da kowa a gidan ya sani ban da ni. Manaja ya ce baƙi na biyan kuɗi ne don su ji kamar suna Japan, saboda haka duk wadda ke gaba dole ta zama 'yar can. An koya mata gaisuwa kaɗan da yadda ake rusunawa, an manna mata sunan Japanawa a ƙirji, an kuma gargaɗe ta cewa ranar da ta faɗa wa baƙo asalinta, ranar ta bar aiki. Bajapane na gaskiya guda ne a gidan, tsohon da ke yanka kifi, shi kuwa ba ruwansa. Ta ce wani lokaci takan tsokane shi cewa iska ce ta cece su, shi kuma ya ce wa ya aiki mai doki hawa kwalekwale.

Na yi ƙarfin hali na tambayi zancen hannun.

"Wane hannu?" Ta yi ɗan tunani, sai ta yi dariya. "Ai na taka ka. A wurinmu in ka taka ƙafar mutum sai ka kama hannunsa nan take, in ba haka ba kamar ka ja shi faɗa ne. Ko a cikin bas ne, ko ba ka taɓa ganinsa ba. Hannun ne ke tafiya da kansa, ba ya jiran kai."

Da wani ne da ya haƙura daga nan. Ni kuwa littattafaina sun gaya mini cewa duk soyayyar da ba ta fara da kunya ba ba ta da gishiri.

Da na faɗa wa Baba, sai ya tashi zaune a gadonsa.

"Mongol? Ba su ne Tatar ɗin da malamai ke faɗa a wa'azi ba? Waɗanda suka ƙone Bagadaza, suka zuba littattafai a kogi har ruwa ya yi baƙi da tawada?"

"Su ne, Baba. Amma ita tebur take nuna wa mutane."

"Kai da littafi ne ranka, ka rasa wadda za ka so sai jikar masu jiƙa littafi. Allah ya shirye ka."

Na ci gaba da zama a ƙofar baya. Ta ɗanɗana mini abin da ke fulas ɗin, shayi ne da madara da gishiri, na haɗiye don kunya. Ta ba ni labarin filin da ta girma, inda za ka yi yini a kan doki ba ka ga bishiya ba, da zagayayyen tantinsu na gashin tumaki wanda ƙofarsa kullum kudu take kallo. Na ce ashe ku Fulani ne masu rigar sanyi. Ta tambaye ni su wane ne Fulani, na gaya mata, ta ce in gaishe su.

Na lura tun da daɗewa cewa ba ta taɓa taka ƙarfen da ke kwance a dokin ƙofarmu, tsallake shi take yi ko da tana ɗauke da kaya. Dā na ɗauka yanga ce. Ta ce a'a, taka dokin ƙofa kamar taka wuyan mai gida ne. A zamanin manyan sarakunansu akwai dogarai a bakin tanti da ba su da aiki sai lura da ƙafafun baƙi, wanda ya taka kuwa zai iya rasa ransa.

"Da a lokacin ne, aikinka ke nan," in ji ta.

Na ce mu ma a gida tsofaffi na hana zama a dokin ƙofa, musamman da magariba. Ta ji daɗin wannan fiye da duk tarihin da na haddace. Ta kuma gaya mini cewa in mutum zai yi tafiya, mahaifiyarsa kan tsaya a baya ta yayyafa madara da cokali, don hanya ta yi fari. Ta ce ranar da ta taho, madarar daskarewa ta yi kafin ta taɓa ƙasa.

Abin da ya kawo ta Doha ba ta faɗe shi da wuri ba. Wata shekara sanyi ya yi tsanani bayan damina marar ruwa, ƙanƙara ta rufe ciyawa, dabbobin mahaifinta suka mutu a tsaitsaye, da safe a tarar da su sun sandare. Tsohon bai daɗe ba ya bi su. Ita da mahaifiyarta suka kwashe tantin suka kafa shi a gefen babban birni, a kan tudu, cikin dubban irinsu da sanyi ya koro. A can kowa gawayin kwal yake ƙonawa don kada ya daskare, birnin kuma a cikin kwari yake, hayaƙin ba ya tafiya ko'ina. Tana da 'ya ƙarama a wurin mahaifiyarta. Uban yarinyar ya tafi haƙar ma'adinai a kudu bai waiwayo ba.

Ta kunna mini saƙon murya. Yarinyar na magana da sauri cikin harshensu, sai tari ya katse ta, irin tarin da ke fitowa daga can ƙasan ƙirji, ya ƙi tsayawa, har aka ji muryar tsohuwa ta karɓi wayar.

"Likita ya ce kada ta sake yin hunturu a cikin hayaƙin nan," in ji ta. "In na kai ƙarshen kwantiragina, zan iya kama musu ɗaki a gidan bene mai bututun ɗumi. Shi ke nan abin da nake yi a cikin rigar nan."

Tun daga ranar, duk sanda na ji ƙarar takalmin katako a bayana, tarin nake ji. Ban daina mafarkina ba, sai dai ya sauya kamanni. Na riƙa ganin kaina na shiga birnin nan da rigar sanyi, na ɗauko yarinyar na kai ta Kano inda rana ke warkar da ƙirji. Ko kuɗin jirgin zuwa gida ba ni da su a lokacin.

Ranar wata Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci, lokacin da iyalai ke cika gidan. Zafin bazara ya fara raguwa, saura 'yan watanni kwantiraginta ya cika. Na buɗe wa wani mutum da matarsa da 'ya'yansu. Tana gaba tana jagorantarsu, sai ƙaramin yaron ya ruga ta gabanta. Ta ja da baya don kada ta buge shi, katakon ya sauka a kan ƙafar uban, wanda silifas ne kawai a ƙafarsa.

Daga inda nake na ga hannunta ya tashi. Na so in yi kira, amma me zan ce? Ta riga ta kama hannun mutumin ta girgiza, ta dube shi a ido, daidai yadda ta yi mini.

Mutumin ya fizge hannunsa. Matar ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji ta. Ta ce a kira manaja. Ta ce ita ta zauna a Japan, ta san matan can ba sa taɓa baƙo, rusunawa suke yi, don haka wannan ba ladabi ba ne, neman mijin mutane ne a gaban matarsa da 'ya'yansa. Ta faɗi wata kalma da ba zan rubuta ba.

Na san bayanin, kuma gajere ne. Na saki ƙofar na yi taku ɗaya. Sai ta dube ni ta ɗan girgiza kai. Bayanin ba zai yiwu ba sai an ambaci ƙasarta, ambaton ƙasarta kuwa shi ne korarta. Na koma na riƙe ƙofata.

Ta haɗa hannuwa a gaba, ta rusuna har ɗamarar bayanta ta kalli rufi, ta ba da haƙuri. Ta haɗiye zagin da aka yi mata. Mijin ma ya fara cewa a bar zancen, khalas, yara na jin yunwa. Amma matar ta matso kusa ta yi mata wata doguwar magana da Japananci.

Ba ta gane ko kalma ɗaya ba. Gaisuwa kawai aka koya mata. Matar ta maimaita a hankali, kamar mai yi wa kurma magana, sannan ta juya ga manaja ta tambaye shi wace irin 'yar Japan ce wannan. Mutane a tebura sun ajiye cokula, wasu sun ɗaga wayoyi.

Manaja ya dafa ƙirji. Ya ce shi ma yanzu yake ji, ita ce ta ce musu daga Japan take, an yaudare su. Alhali shi ne mutumin da ya karɓi fasfonta da hannunsa ranar da ta sauka, ya kuma zaɓa mata sunan da ke ƙirjinta.

A nan ta miƙe tsaye sosai. Ban taɓa sanin tana da tsawo haka ba.

"Ni 'yar Mongol ce," ta ce wa matar. "A ƙasarmu haka ake neman gafarar wanda aka taka. Mijinki ban san shi ba, ba na kuma son sanin sa."

Ta cire takalman katakon ta ajiye su a gefe, ta wuce ciki da safa.

Ba a bar ta ta ƙarasa yinin ba. Tsohon mai yanka kifi ya je ya yi magana, aka ce masa ya koma kan kifinsa. Ta yi ta yawon neman wani kafil, wato mai ɗaukar aiki da zai tsaya mata a takardun zama, daga shagunan Al Sadd zuwa otal-otal, amma bidiyon abin daga kyamarar gidan ya riga ya zaga a wayoyi, kuma an yanke farkonsa, daga kama hannun aka fara. Kwanakin zama a ƙasar da aka ba ta suka ƙare.

Da na gaya wa Baba ranar tafiyarta, bai yi tsokana ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ka ce mata kada ta kira tasi. Ni zan kai ta."

Da safe muka je gidan da take haya da wasu mata a Al Sadd. Ta fito da wando da rigar sanyi a hannu, da akwati ɗaya. Na kwana ina tsara abin da zan faɗa, kalmomi masu daɗi da na tsinto daga littattafai iri-iri. Da na gan ta ba rigar Japanawan nan, sai na ga mace ce da ta gaji, wadda za ta je ta gaya wa mahaifiyarta cewa babu ɗakin bene. Kalmomin suka zama kamar kayan wasan yara a bakina. Na ce Allah ya ba yarinya lafiya. Ta ce in gaida mahaifiyata.

Sai ta ga abin da ke hannuna, ƙaramin kwalin madara da cokalin roba na shayi. Ta dube su, ta dube ni, ta yi saurin shiga mota.

Baba ya leƙo ta taga. "Ɗan Kano, ka san wannan ba addini ba ne."

"Na sani, Baba. Allah zan roƙa."

"To roƙe shi da kyau."

Motar ta tashi. Na yi bisimilla, na ɗebo da cokalin na watsa sama a bayansu, na sake, na sake, ina roƙon Allah ya sauƙaƙa mata hanya. Wani mai shago ya tsaya yana kallona. Kafin su sha kwana madarar ta bushe a kan kwalta, sai ɗan tabo.

Da yamma Baba ya ba ni labarin yadda suka rabu a filin jirgi. Da ya sauke mata akwati sai ta nuna masa hoton yarinyar, ta tambaye shi ko a addininmu ana yi wa ɗan wani addini addu'a. Ya ce mata ana yi. Tun daga ranar yana sa yarinyar a addu'a bayan sallar asuba, yana cewa 'yar Tatar, don bai san sunanta ba.

Hunturu ya shigo. A Doha mutane suka fito da kujeru waje suna murna da iska. Ni kuwa na sa birninta a wayata kusa da Kano, kullum ina ganin sanyinsa yana sauka ƙasa da abin da hankalina zai iya ɗauka. Sau ɗaya ta aiko mini da saƙon murya. Ta ce suna nan a tantin, ta samu aikin wanke-wanke, ta gode da madara. A bayan muryarta ana tarin nan, ya fi na dā zurfi. Na amsa, na sake aikawa bayan mako, na sake. Daga baya lambar ta daina shiga. Ban san abin da ya faru ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Littattafan suna nan a ƙarƙashin katifata. Baba ya ce in ba shi ya kai wa wani ɗan Zariya da ke gadi a Al Rayyan, na ce ya bari tukuna.

An kawo wata sabuwa a gidan abincin. Rigar ta yi mata tsawo, an naɗe gefen da allura. Sunan da ke ƙirjinta shi ne dai na dā, ba su ma sake bugawa ba. Ban tambaye ta daga ina take ba. Da safe in ta fito da allon abinci takan taka ƙarfen dokin ƙofar da katakon, ya yi ƙara, ni kuma in riƙe mata ƙofar har ta wuce.